Hitar gas marar tanki: ina ribar take, kuma ta ina take zurarewa?

Duk wanda ya je sayen hitar ruwa ta gas, irin wadda ba ta da tanki, abin da ake fara nuna masa shi ne lambar da ke jikin kwali, mai nuna kashi nawa na zafin gas ke shiga ruwa. Wannan kashi 82 ce cikin ɗari, waccan 95, wata ma har an buga mata 105, kai ka ce daga babu take ƙirƙiro zafi. Sai mai saye ya ɗauka cewa lamba mafi girma ita ce mafi sauƙin ɗawainiya, ya ƙara kuɗi ya ɗauki mai tsadar. Wani lokaci ya dace. Sau da yawa kuma ya biya kuɗin da ba za su dawo ba har na'urar ta tsufa. Dalili shi ne, yawan gas ɗin da gida zai ƙona ya fi rataya a kan litar ruwan da ake zubarwa, da sanyin ruwan da ke shigowa, da yadda mutanen gidan suke buɗe famfo. Lambar kwali tana zuwa ne bayan waɗannan.

Aikin na'urar ba shi da wuyar fahimta. Ka buɗe famfon ruwan zafi, wani ɗan abu a cikinta ya ji ruwa na gudu, ya buɗe gas, ya ƙyasta wuta. Wutar tana ci a ƙarƙashin wani bututun jan ƙarfe da aka nannaɗe aka yi masa fika-fikai, ruwa ya shiga da sanyi ya fito da zafi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ka rufe famfo, wuta ta mutu. Dabarar tsohuwa ce. Tun 1868 wani mai fenti a Landan, Benjamin Waddy Maughan, ya ƙera irinta, sai dai tasa ba ta da hanyar fitar da hayaki, abin da ya sa take da haɗari a banɗaki. A 1894 Johann Vaillant na Jamus ya yi rajistar ƙirar da ta raba hayaki da ruwan wanka. Yau kamfanoni irin su Rinnai da Noritz na Japan, da Navien na Koriya ta Kudu, da Bosch da Vaillant na Jamus, duk a kan wannan tubalin suke gini.

Akwai wani lissafi da babu kamfanin da ya isa ya canza shi. Kafin lita ɗaya ta ruwa ta ƙara digiri ɗaya na zafi, sai ta sha kusan wat-awa 1.16. Don haka gidan da ke amfani da lita 200 a rana, ruwa yana shigo masa a digiri 15 a ma'aunin Salshiyas, ana so ya fito a 40 don wanka, yana buƙatar kilowat-awa 5.8 kowace rana, wato kusan 2,120 a shekara. Wannan shi ne zafin da ya shiga ruwa. Abin da ake kira inganci kuwa amsar tambaya ɗaya ce tak: gas nawa aka ƙona kafin a sami wannan zafin? Kilo ɗaya na gas ɗin silinda yana ɗauke da kusan kilowat-awa 13.8 idan aka ƙirga duk zafin da ke cikinsa. Gara a yi lissafin da kilo maimakon kuɗi, tunda farashi kullum cikin tafiya yake, kuma kowa zai iya ninka kilon da farashin inda yake.

Na'urorin da ake gwamawa kashi uku ne. Akwai mai tanki ta gargajiya, wadda a ma'aunin UEF da Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta koma kansa a 2017 take samun maki a kewayen 0.60 (UEF awon inganci ne na yini guda, 0.60 na nufin kashi 60 cikin ɗari). Akwai marar tanki ta gama-gari, mai samun 0.81 zuwa 0.82. Sai marar tanki mai tatsar tururi, wadda ke kai wa 0.90 zuwa 0.96. Tun 2023 tambarin Energy Star, wanda ake ba kayan da ke tsimin makamashi a Amurka, ba ya hawa kan marar tanki ta gas sai ta kai 0.95. Idan aka ɗora gidan nan mai lita 200 a kan waɗannan maki, mai tanki za ta ci kusan kilo 256 a shekara, marar tanki ta gama-gari kilo 188, mai tatsar tururi kilo 162.

A dubi tazarar da kyau. Daga tanki zuwa marar tanki an tsira da kilo 68. Daga marar tanki ta gama-gari zuwa mai tatsar tururi, kilo 26 kacal. Tsallen farko shi ne babba, na biyun ƙari ne, amma a wurin talla sai a ga an fi buga ganga a kan na biyun, saboda a nan farashi ya fi hawa.

Kilo 256 ɗin ma sassauci aka yi wa tankin. Ainihin matsalarsa ba ta wutarsa ba ce, domin yayin da take ci tana zuba wa ruwa kusan kashi 76 zuwa 80 cikin ɗari na zafin gas, bai yi nisa da marar tanki ba. Matsalar tana faruwa ne lokacin da babu mai taɓa famfo. Ruwan zafi na zaune a tanki dare da rana, zafi na fita ta jikinsa, ya fi kuma fita ta bututun hayakin da ya ratsa tsakiyarsa, wanda iska ke bi ta sama ko da wuta a kashe take. Idan aka warware lissafin gwajin UEF na matsakaicin gida, wanda ake zubar da galan 55 a rana, kusan lita 208, za a ga tanki mai maki 0.60 yana ɓarar da abin da ya kai kilowat-awa uku da rabi a rana a zaune kawai. Kwatar kilon gas ke nan kullum, ko an yi wanka ko ba a yi ba. Asarar takan ragu idan ɗakin da tankin yake yana da ɗumi, amma ba ta ƙarewa.

Daga nan ne ake gane wanda marar tanki ta fi yi wa rana. Mutum ɗaya ko biyu masu amfani da lita 50 a rana, zafin da suke buƙata bai wuce kilowat-awa ɗaya da rabi ba, amma tankinsu zai ci sama da biyar. Ingancinsa na gaskiya a wannan gidan bai kai kashi 30 cikin ɗari ba, duk da kwali ya ce 60. Babban gida mai cike da jama'a kuwa, asarar zaman tana narkewa cikin yawan amfani, tazarar sai ta tsuke. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ma haka ta faɗa: gidan da bai wuce galan 41 a rana ba, kusan lita 155, marar tanki tana fin mai tanki tsimi da kashi 24 zuwa 34 cikin ɗari, amma a gidan da ke kai wa galan 86, kusan lita 325, ribar tana sauka zuwa kashi 8 zuwa 14. Abin ya zo a baibai da tunanin mutane da yawa, waɗanda ke ganin ai na'urar babban gida ce. Ƙaramin gida, da gidan da ake rufewa a yi tafiya, da ɗakin baƙi, su ne suka fi cin moriyarta.

Mai tatsar tururi kuma labarinta akasin haka ne, sai a gida mai yawan amfani take biyan kanta. Idan gas ya ƙone, ba hayaki kaɗai yake haifarwa ba, har da ruwa. Kilo ɗaya na furofen, ɗaya daga cikin gas ɗin da ake ɗurawa a silinda, yana fitar da sama da kilo ɗaya da rabi na ruwa a matsayin tururi, kuma tururin yana tafiya da zafi mai yawa. A na'urar gama-gari, hayakin yana fita da zafin da ya haura digiri 150, ya tafi da rabonsa. A mai tatsar tururi an ƙara wani bututu na biyu, na ƙarfen da ba ya tsatsa, inda ruwan sanyi mai shigowa yake fara haɗuwa da hayakin. Da zarar hayaki ya huce zuwa ƙasa da kusan digiri 55, tururin sai ya koma ruwa a jikin bututun, kamar yadda kofin ruwan sanyi ke yin gumi a rana mai zafi, ya saki zafinsa ga ruwan wanka. A Japan ana sayar da irin wannan da sunan Eco-Jozu, inda suke cewa ta ɗaga inganci daga kusan kashi 80 zuwa 95.

Dabara ce mai kyau, ba na musu. Amma kashi 13 na abu mai yawa shi ne mai yawa, na abu kaɗan kuwa kaɗan ne. A ɗauki gida mai lita 400 a rana a ƙasa mai sanyi, ruwa na shigowa a digiri 8. Na'urar gama-gari za ta ci kusan kilo 480 a shekara, mai tatsar tururi kusan 414, ribar kilo 66. A ɗauki wani gidan mai lita 100 a ƙasa mai ɗumi, ruwa na shigowa a digiri 25. Waccan za ta ci kilo 56, wannan kusan 49. Ribar shekara guda ba ta kai kilo 8 ba. Mai wannan gidan idan ya ƙara kuɗi masu kauri saboda maki 0.95, ya yi ado ne kawai. Ga shi kuma gwargwadon ɗumin ruwan da ke shigowa, gwargwadon raguwar tururin da za a iya tatsa, don sanyin ruwan ne ke yin aikin. Lissafin da ya kamata a yi ɗaya ne: bambancin farashin na'urorin biyu, a raba shi da kuɗin kilon da za a tsira da shi a shekara. Idan amsar ta haura shekara goma, ni ban ga abin gaggawa ba.

Sai batun lambar nan ta kashi 105, wadda ba ƙarya ba ce, amma tana ruɗa mutane. Hanya biyu ake auna zafin da ke cikin gas. Ɗaya, wato babban ma'auni, tana haɗawa da zafin tururi, ɗaya kuma, wato ƙaramin ma'auni, tana cire shi tun farko, tana ɗaukar cewa dama ba za a same shi ba. A gas ɗin bututu tazarar ma'aunan biyu kusan kashi 11 ce cikin ɗari, a gas ɗin silinda kusan 8. Na'urar da ke tatsar tururi, idan aka auna ta da ƙaramin ma'aunin, za ta iya zarce ɗari. Inda abin ya fi cutarwa shi ne a na'urorin gama-gari: kamfani ya rubuta kashi 88 da ƙaramin ma'auni, mai saye ya ajiye ta kusa da mai UEF 0.82 ya ga kamar ta fi, alhali da za a mayar da ita kan babban ma'auni ba za ta wuce 79 zuwa 81 ba. Bugu da ƙari, wasu lambobin na wuta ce tana ci ba tsayawa, wasu kuma na gwajin yini guda ne mai kunnawa da kashewa. Tarayyar Turai tana da nata tsarin tun watan Satumba na 2015, mai haruffa da kuma rukunin girman amfani irin su M da L da XL, kuma ba a gwama harafin wani rukuni da na wani. Lambobi biyu ba sa gwamuwa sai an tabbatar awo ɗaya aka yi musu.

Ko awon ɗaya ne, ɗakin gwaji daban, gida daban. Duk lokacin da aka kunna marar tanki, sai wuta ta fara dumama jan ƙarfen da kansa kafin ruwa ya ɗauki zafi, kuma da an rufe famfo wannan zafin sai ya bi iska. A wankan minti takwas asarar ba a bakin komai take ba. Amma a lura da mai wanke kwanuka: ta buɗe, ta ɗauraye cokali, ta rufe, bayan minti uku ta sake buɗewa. Kowace buɗewa sai an ji ƙyas-ƙyas-ƙyas, wuta ta kama, fanka ta tashi, kafin ruwan ɗumi ya iso hannunta ta riga ta rufe. An ƙona gas, babu wanda ya ji ɗumin. Saboda irin wannan ne dokar gine-gine ta jihar Kalifoniya ta riƙa rage kashi 8 cikin ɗari daga tsohon makin na'urorin marasa tanki kafin ta shigar da shi lissafi. Famfo mai hannu ɗaya yana ƙara dagula lamarin, don mutane kan ɗaga hannun a tsakiya ko da ruwan sanyi suke so, na'ura kuma ta tashi a banza.

Nisan bututu ma ci yake. Mita 10 na siririn bututun gida yana riƙe da kusan lita ɗaya da rabi. Sai wannan ruwan ya zube kafin mai zafi ya iso, bayan an gama kuma mai zafin ya zauna a ciki ya huce. Wasu kan sa famfon da ke juya ruwan zafi cikin bututu don kada a jira. Jin daɗi ne, amma idan aka bar shi yana juyawa dare da rana, an dawo da asarar tankin ta bayan gida. Kafa na'urar kusa da banɗakin da aka fi amfani da shi yakan fi duk wata ƙarin lamba a kwali amfani.

Tsofaffin ƙira da wasu masu araha suna da 'yar wutar tsaro da ke ci kullum, tana jiran a buɗe famfo. A ido ba komai ba ce. To a ɗauka wat 100 kawai take ci: a shekara kilowat-awa 876 ke nan, sama da kilo 60 na gas, kusan duk ribar da aka baro tanki dominta. A tanki aƙalla wani ɓangare na zafinta yana shiga ruwa, a marar tanki kuwa sama yake tafiya. Mai ƙyastawa da batir, ko da lantarki, ko da ɗan injin da gudun ruwa ke juyawa, ita ce abin nema. Masu fanka da allon kwamfuta suna shan lantarki kaɗan, 'yan wat a zaune da wasu gomomi yayin aiki, sai dai idan wuta ta ɗauke ruwan zafi ma ya ɗauke, ko da silinda a cike take. A ƙasashen da ruwa ke daskarewa akwai ƙarin ɗan hitar lantarki a cikinsu mai hana bututu fashewa, ita ma tana shiga bil.

Amma babbar kafar da riba ke zurarewa ba a jikin na'urar take ba. Tanki yana da wata ɗabi'a da ba a yaba masa: ruwansa yana ƙarewa. Mai wanka ya san idan ya daɗe sanyi zai kore shi, na bayansa kuma zai yi ƙorafi. Marar tanki ba ta korar kowa. A ce shawa na zubar da lita 9 a minti, mutum huɗu a gida, kowa ya ƙara minti biyu kacal a wankansa. Lita 72 ke nan a rana, wanda a na'ura mai 0.82 ya kama kusan kilo 67 a shekara. Ribar barin tanki a gidan nan mai lita 200 kilo 68 ce. Minti biyu sun cinye ta tas, ga kuma ƙarin ruwa. Shi ya sa za ka ji wani yana rantsuwa cewa tunda ya sauya hita bai ga canji a cin gas ba, kuma gaskiya yake faɗa. Akasin haka ma yana aiki: sauya kan shawa daga mai lita 9 zuwa mai lita 7 yana rage cin gas na wanka da sama da kashi 20 cikin ɗari, fiye da abin da tatsar tururi ke bayarwa, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Girman na'ura wani wurin ne da ake tafka asara ta fuska biyu. Idan aka ce hita mai lita 10 ce, yawanci ana nufin lita 10 a minti idan digiri 25 za a ƙara wa ruwan. A Japan ma da wannan awon suke lambar na'urorinsu, 16 ko 20 ko 24. Lita 10 a wannan awon kilowat 17.4 ne. Idan ruwa na shigowa a digiri 5, ita wannan na'urar lita 7 kawai za ta iya kai wa digiri 40. Idan yana shigowa a 25, za ta haura lita 16. Wanda ya sayi ƙarama a wuri mai sanyi zai sha wankan ruwa mai ɗumi-ɗumi duk lokacin da wani ya buɗe famfon kicin.

Sayen wadda ta yi girma kuma nata ciwon kan daban, kuma ba a cika faɗinsa ba. Kowace na'ura tana da iyakar yadda za ta rage wutarta. A ce mafi ƙarancin wutar wata kilowat 6 ne, ruwa na shigowa a digiri 28, yana gudu lita 4 a minti. Zai fito a kusan digiri 50, ya yi wa jiki zafi. Mai wanka sai ya ƙara na sanyi, ya rage na zafi, gudun ruwa a cikin na'urar ya faɗi ƙasa da lita biyun da take buƙata kafin ta ci gaba da ci, wuta ta mutu, ruwan sanyi ya sauko masa a ka da sabulu a ido. Ya sake murɗawa, ta sake kamawa. Wannan kai-komon gas yake ci kuma yana gajiyar da na'ura. A wuri mai ɗumi, tambayar mafi ƙarancin wuta ta fi tambayar mafi yawanta muhimmanci. Haka nan gara a saita zafin a kan digiri 42 zuwa 45 a yi wanka da shi kai tsaye, da a kai shi 60 sannan a surka. Tanki ana barinsa a 60 ne saboda ƙwayar cutar Lijiyonela da ke hayayyafa a ruwan ɗumi mai zama, marar tanki kuwa ba ta ajiye ruwa mai yawa.

Rage zafin yana da wata fa'idar, wato rage ɓawon alli. Shi ne dai farin ɓawon nan da ke taruwa a gindin butar dafa ruwa, kuma ya fi saurin kamawa idan zafi ya kusanci digiri 60. Tanki yana jure shi shekaru, ya zauna a ƙasa yana ƙara. Bututun marar tanki siriri ne, wuta kuma kai tsaye take dukansa. Ɓawon yana shiga tsakanin ƙarfe da ruwa, zafi ya kasa ratsawa, hayaki ya fita da zafin da ya fi na da, ƙarfen ya yi ta gasuwa har wata rana ya tsage. Alamarsa ta farko raguwar ƙarfin ruwan zafi ne, da wata ƙara kamar ana tafasa tsakuwa. Maganinsa wanki: a rufe bawul, a jona ɗan famfo da bokiti, a juya ruwan khal ko ruwan tsamin lemo a cikinta na kusan awa ɗaya, za a ga ruwan ya dawo bokiti da launin toka-toka. A inda ruwa ke da alli, sau ɗaya a shekara ake so. Idan mai gyara za a kira, kuɗin zuwansa zai iya haɗiye ribar gas ta ƙaramin gida gaba ɗaya, don haka tun ranar kafawa a sa bawulolin wanki, mai gida ya koyi yi da kansa. Shekara ashirin ɗin da ake cewa marar tanki tana kai wa, a kan goma zuwa sha biyar na tanki, da sharaɗin wannan wankin ne.

Kuɗin kafawa shi ma sai an raba shi a kan shekarun. Tanki yana shan gas a hankali, marar tanki kuwa lokaci guda take zuƙa: manyan na Amurka suna kai wa kusan kilowat 58, ninki huɗu zuwa biyar na tankin gida, abin da kan tilasta sauya bututun gas. Ko mai lita 10 tana jan kusan kilo ɗaya da rabi a awa, wanda ya kai ko ya fi ƙarfin ƙaramar rigileta. Ƙaramar silinda ma takan yi sanyi har ta yi raɓa, ƙarfin gas ya ragu, musamman idan biyuten, ɗayan gas ɗin da ake haɗawa da furofen a silinda, ya yi yawa a ciki, tunda shi ba ya tashi idan sanyi ya kai kusan digiri sifili, furofen kuwa sai ƙasa da sifili da digiri 42. A nan mai tatsar tururi tana da wata riba ta ɓoye: hayakinta ya huce, ana iya fitar da shi ta bututun roba da aka amince da shi, alhali ta gama-gari sai ƙarfe mai jure zafi. Idan hanyar hayakin doguwa ce, wannan kaɗai zai iya cike tazarar farashi. Sai dai ita kuma tana ɗigar da ruwa mai tsami da ke cin ƙarfe da siminti, dole a yi masa magudana.

Wuri ɗaya ne ban yarda a yi tsimi ba. Mafi arahar na'urorin nan su ne marasa bututun hayaki, ko masu shan iskar ɗakin da suke ciki. Wuta mai kilowat 20 a rufaffen banɗaki tana cinye iska cikin ɗan lokaci, ta fara fitar da kabon monoksaid, wanda ba shi da wari ba shi da launi, kuma yana kisa. Ko dai a kafa ta a waje, ko a sayi rufaffiya mai jawo iska daga waje ta mayar da hayaki waje, a kuma sa ƙararrawar gano wannan iskar. Harshen wuta ruwan ɗorawa maimakon shuɗi, ko baƙin toka a jikin na'ura, alama ce ta a kashe a kira gwani.

Idan gwamawar da lantarki ce, lissafin gajere ne. Kilo ɗaya na gas a na'ura mai 0.82 yana ba da kusan kilowat-awa 11 na zafi a ruwa. Hitar lantarki ta gama-gari kusan duk yunit ɗin da ta sha tana mayar da shi zafi, don haka muddin kilon gas bai kai kuɗin yunit 11 ba, gas ya fi araha. Da hita mai zuƙo zafi daga iska kuwa, wadda ke mayar da yunit ɗaya uku ko fiye, sai kilon gas ya gaza kuɗin yunit huɗu kafin ya yi gogayya. Marar tanki ta lantarki mai ƙarfin kilowat 17 tana buƙatar amfiya kusan 75 a bolt 230, wanda wayoyin gidaje da yawa ba za su ɗauka ba. Mai hitar hasken rana kuma zai iya jona marar tanki a bayanta, idan ƙirar ta yarda da shigar ruwan ɗumi, ta riƙa cike gurbi a ranakun hadari kawai.

Mai amfani da silinda yana da sauƙin gano gaskiyar gidansa. Ya ware wa hitar silindarta, ya ɗora a sikeli ya rubuta nauyi, bayan mako biyu ya sake aunawa. Ya tara ruwan shawa a bokiti mai awo na minti ɗaya don sanin litar da take zubarwa, ya riƙa rubuta mintocin da aka yi ana zubar da ruwan zafi, ya kuma auna zafin ruwan famfo da na wanka. Da waɗannan zai fitar da zafin da ya shiga ruwa, ya raba shi da kilon da ya ragu sau 13.8. Idan amsar ta faɗo ƙasa da 0.70 a na'urar da kwalinta ya ce 0.82, sai ya fara duba wutar tsaro, da ɓawon alli, da famfon kicin.